Jatau da Safar Rana

Da sunan Allah za a fara, Shi ne mai rufin asiri. Wannan labarin Jatau ne, mai keken asibiti, wanda yake wucewa da tsakar rana da shuɗiyar kula ɗaure a bayan kekensa, da hula mai faɗi ya ɗaure ta a haɓa, da baƙin gilashi.

Zabiya Allah ya yi shi. Ranar da aka haife shi ungozoma ta ɗaga shi ta ƙura masa ido, matan da ke ɗakin suka dubi juna. Inna, mahaifiyarsa, ta ce, "Ku miƙo min shi mana. Wanda ya yi baƙi ai Shi ya yi ja." Tun daga nan ake ce masa Jatau, kuma sunan ya bi shi har girma.

Rana ce abokiyar gabarsa tun yana rarrafe. Yara suna tsakiyar fili suna guje-guje, shi yana bin jikin bango. Ya san inuwar unguwarsu kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, wane bango ke rufa asiri da hantsi, wanne ne sai la'asar. Ga ido kuma ba ƙarfi. A makaranta gaba yake zama, har yana shaƙar ƙurar alli, duk da haka sai ya kwafa daga littafin na kusa da shi. Ya dai lallaɓa ya gama abin da Allah ya nufa ya gama.

Sana'a kuwa, babu wadda bai taɓa ba. An kai shi wajen tela, zare ya ƙi shiga allura. Ya bi magina, kwana uku wuyansa ya saɓule kamar an zuba masa ruwan zafi. Sai ya koma gida ya zauna. Allah sarki, shekara shida yana zaman kashe wando, ga gemu ya fito, uwa ce ke zuba masa abinci ta miƙa. Ba ta taɓa yi masa gori ba, amma shi ya san abin da yake haɗiya tare da lomar. Duk wanda ya ga yadda yake riƙe da aikinsa yau, to shekarun nan shida ne ke tura shi.

Da Allah ya tashi buɗe masa, sai ya samu shara a wani ƙaramin asibiti na bakin kasuwa. Asibitin ba shi da ɗakin gwaji, in an ɗebi jinin mutane sai an kai babban asibiti a can ƙetaren gada. Mai babur ɗin da ke kaiwa ya yi tafiyarsa, aka wayi gari ga jini a kwalabe babu mai ɗauka. Jatau ya jingine tsintsiya ya je gaban Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da wurin.

"Sista, ina da keken marigayi babanmu."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Da wannan idon naka, Jatau? Ka zubar min da jinin mutane a kwata?"

"Babur ne ya fi idona gudu, Sista. Keke kuwa tare suke tafiya."

Ta yi dariya ta ce ya gwada mako ɗaya. Makon nan shi ne ya zama shekara goma sha ɗaya. A cikinsa ya yi aure, a cikinsa Allah ya ba su 'yan biyu mata, baƙaƙe wuluk kamar uwarsu. Alhamdulillahi.

Ku ji yadda yake aikinsa. Sau biyu yake zuwa a rana, da safe da kuma bayan azahar. Ƙanƙara a ƙasa, tsumma mai tsabta a kanta, sannan 'yan kwalaben a tsaye cikin soso mai ramuka, kada ɗaya ta taɓa ɗaya. Takardun a leda, a cikin rigarsa. Ya ɗaure kula a kariyar bayan keke da roba biyu, ya girgiza ya ji, ya yi bismillah. Ba ya bin babban titi. Ta layin masu walda yake bi, ya ratsa bayan makaranta, ya sauka ya tura keken a inda ramuka suke, don an gaya masa jini ba ya son jijjiga. Daga nan sai gada, kuma daga gada har ƙofar babban asibiti babu bishiya ko ɗaya. Tafiyar minti arba'in ce. Tagar karɓar jini kuwa ƙarfe biyu da rabi ake rufe ta, matar da ke wurin ko uwarta ce ta zo biyu da rabi da minti ɗaya sai dai ta dawo gobe.

Rigar aikin gajeren hannu gare ta, mai tambarin asibiti a ƙirji, da ita mai gadin babban asibiti ke gane shi ya buɗe masa. Fuska tana da hula, ƙafa tana da wando, hannu biyu ne a shimfiɗe kan keke kamar an shanya su. Ya taɓa saka doguwar riga a ciki. Iska ta riƙa tattare hannun tana mayar da shi gwiwa, ga ƙurajen zafi sun feso masa a baya, ya cire. Haka hannuwan nan suka yi ta shan rana shekara da shekaru, suka yi ja, suka yi kaushi, har wani ciwo ya fito a sangalin hannun hagu. Ya yi ɓawo ya faɗi, ya sake yi, ya ƙi warkewa. Sista ta kama hannun ta juya shi a haske, ta ce gobe ya tsaya wajen likitan fata na babban asibiti.

Likitan ya ba shi man shafawa, ya kuma ciro wata aba daga aljihun tebur. Safa ce doguwa, fara, marar yatsu, mai santsi da miƙewa kamar roba, tana kamawa daga wuyan hannu har damtse. Ya ce masu tseren keke ke sa ta saboda rana, ba ta da nauyi, iska tana ratsa ta. Ya ba shi ta kowane hannu, ta sawa da ta canji. Ya ce, "In dai kana kan keke, tana jikinka."

Da ya kawo gida Maman 'Yan Biyu, matarsa, ta ɗaga ta da yatsa biyu. "Malam, an ba ka hannu, ina rigar? Ko sai wata mai zuwa za a ba da sauran?"

Inna ta ce, "Ke, bar yi wa magani dariya. Allah ya saka wa likitan nan da alheri."

Da safe ba wahala. Fata a bushe, matar ta barbaɗa masa hodar yara, safa ta shige sumul. Inna tana zaune a kan tabarmarta a bakin ƙofa da carbi, ta ga fitarsa, ta bi shi da addu'a.

Azahar ce ta kawo matsala. Akwai ɗan masallaci a jikin asibitinsu, ɗaya da rabi ake sallah, kuma kafin a sallame Sista ta rufe kula, ƙanƙara ta fara narkewa. Jatau ya zare safa ya yi alwala, ya wanke hannu har gwiwa kamar yadda aka koya masa. Ya zo mayarwa, safa ta ce ba ta san zancen ba. Ta maƙale a wuyan hannu. Ya ja, ta manne da jiƙaƙƙiyar fata. Ladan ya ta da iƙama. Ya cusa ta a aljihu ya shiga sahu. Masallacin rufin kwano ne, ba fanka, kafin a idar zufa ta maye gurbin ruwan alwala. Ya sake gwadawa a bakin ƙofa, ya fizga da ƙarfi, ɓawon ciwon ya biyo safar, jini ya tsatso. Ga Sista tana leƙowa tana nuna masa agogon hannunta. Ya mayar da ita aljihu ya hau keke.

A babban asibiti akwai fanka a barandar da ake jira. Nan hannun ke bushewa, ya saka safarsa, ya dawo gida da ita tsaf. Inna ta ga fita da safa, ta ga dawowa da safa. Abin da ba ta gani ba shi ne tafiyar nan ta tsakar rana, lokacin da kwalta ke narkewa, hannu biyu tsirara a kan gada. Shi kuma yana ce wa zuciyarsa, ai minti arba'in ne kawai.

Ba wai bai nemi dabara ba. Ya so ya riƙe alwalar safe ta kai shi, amma mutumin da ke ɗirkar ruwa kamar raƙumi ina alwala za ta zauna masa? Ya yi tunanin barin jam'i ya yi tasa daga baya, zuciyarsa ta ƙi. Ya ji kunyar ya ce wa wani, ƙato mai 'ya'ya biyu, wai safa ta gagare shi. Sai ya yi shiru.

Bayan mako shida ranar komawa ta zo. Inna ta yafa mayafinta ta ce da ita za a je, tana so ta yi wa likita godiya da bakinta. Likita ya zare safar, ya duba, fuskarsa ta canza. Ciwon ya ƙara faɗi, ga wasu ƙanana biyu sun fito a hannun dama.

"Kana sa ta kuwa?"

"Ina sawa, Likita." Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba.

"Fata ba ta munafunci, Malam. Wannan hannun yana shan rana."

Inna ta gyara zama. "Likita, ɗana, wallahi tallahi yana sawa. Ni nake ganin fitarsa, ni nake ganin shigowarsa. Ko sau ɗaya bai bar ta a gida ba."

Rantsuwar nan ta sauka a ƙirjin Jatau kamar dutse. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Likita ya ce, "To Mama, ban ƙaryata ki ba. Amma irin wannan ciwon, a irin wannan fatar, in aka bar shi yakan rikiɗe ya zama mugun abu, Allah ya kiyaye. Na ba shi wata ɗaya. In ya dawo haka, zan rubuta wa asibitinsu takarda a sauke shi daga keke. Gara ya rasa aiki da ya rasa hannu."

A hanya Inna tana ta magana, ko man ne bai karɓe shi ba, ko a ƙara da addu'a. Shi abu ɗaya yake gani, kansa a zaune a tsakar gida kamar da, ana miƙo masa kwano, yanzu kuma a gaban 'ya'yansa.

Washegari ya ce ko ana ha-maza-ha-mata sai safar nan ta shiga. Bayan sallah ya tsaya a bakin masallaci yana fifita hannu da hula, yana ja kaɗan-kaɗan, yana kewaye ciwon. Ta shiga. Amma ya ci minti ashirin. Ya taka keke kamar ransa zai fita, ya iso ya tarar da taga a rufe. Ya ƙwanƙwasa, ya roƙa, matar ta ɗaga labule ta nuna masa agogon bango ta saki. Jinin mutum goma sha huɗu ya lalace. Sai da aka sake kiran su aka sake huda su, har da wata tsohuwa da jijiyarta ba ta samuwa, an soke ta sau huɗu tana salati. Sista ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Shekara goma sha ɗaya, Jatau. Lafiya?" Ya ce lafiya. Kashegari safa ta koma aljihu.

Kwana biyar a haka. Abinci ya daina shiga. Ran nan ya dawo da la'asar, ya shigo da keken ta zaure, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Inna tana zaune a gindin randa, buta a gefenta, hannunta na dama a miƙe, farar safarsa ta canji ta maƙale mata a rabin hannu, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

"Inna! Me zan gani haka?"

"Zo nan, ɗan nema. Zo ka zauna."

Ya tsuguna a gabanta.

"Na idar da alwala na ga abin nan a kan igiya ya bushe. Na ce bari in ji yadda kake ji a cikinsa. Ka ga inda na tsaya. Ni da nake zaune, ba mai jirana, ba liman ba agogo, tun ɗazu nake kokawa da ita." Ta zuba masa ido. "Kai da azahar yaya kake yi?"

Ya kai hannu aljihu ya taɓa, ya sauke.

"A nan take zama ke nan."

"Daga masallaci zuwa babban asibiti ne kawai, Inna."

"Kawai. Lokacin da ko kare ke neman inuwa. Ka bar ni na rantse da Allah a gaban bawan Allah."

"Ki yafe min, Inna. Kunya ce."

"Kunyar safa? To rantsuwata tsakanina da Ubangijina, Ya san abin da idona ya gani na faɗa, zan nemi gafararSa. Kai ma ka nemi taka. Yanzu dai cire min wannan masifar, hannuna ya fara tsami."

Ya kama bakin safar ya ja. Inna ta ce, "Wayyo! Fatar za ka haɗa da ita?"

Maman 'Yan Biyu ta fito daga ɗakin girki tana goge hannu a zani. Ta dubi uwa, ta dubi ɗa, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Yi dariyarki, 'yar nan, kin samu abin kallo."

"Yi haƙuri, Inna. Malam, matsa. Ai ba a ja." Ta durƙusa, ta sa manyan yatsunta biyu a bakin safar, ta fara naɗe ta a kan kanta, tana mirgino ta ƙasa. Kafin ka ce me, safa ta taru a wuyan hannu kamar ƙaramin gammo, ta zare ta. Inna ta murza hannu tana hamdala.

Jatau ya ce, "Mayar."

"Ina?"

"Hannunta. A jiƙe."

Ya ɗauki buta ya zuba wa Inna ruwa a hannu, tana cewa yau ta ga ta kanta. Matar ta zura gammon nan a wuyan hannu, ta mirgina shi sama, yana warwarewa yana kwanciya a kan fata, har damtse. Ba ja, ba fizga.

"A ina kika koyi wannan?"

"A ina kuwa? In 'yan biyu sun fito wanka ana sauri za a makara, kana zaton jan safa nake yi a jiƙaƙƙiyar ƙafa? Da na gaji da kuka. Da ka tambaya ai da tuni." Ta harare shi. "Kuma wa ya ce sai ka cire ta gaba ɗaya? Naɗe ta sama, ta haye gwiwa ta zauna a damtse, ka wanke hannunka, ka mirgino ta. Shi ke nan."

Inna ta ce, "Ikon Allah. Ana neman magani a ƙetaren gada, ashe yana ɗakin girki."

A nan gindin randa suka sa shi ya yi ta maimaitawa. Ya naɗe, ya wanke, ya sauke. Na farko ya karkace, na biyu ya kama gashi. Matar ta nuna masa yadda zai ɗan ɗaga ta da yatsa in ya zo kan ciwon. Sai da ya ƙarar da buta uku, Inna tana ƙirga masa da carbi, har ya zama kafin ta ja tasbihi goma ya gama hannu biyu.

Kashegari da azahar ya tsuguna a layin masu alwala ya naɗe safarsa sama. Mai facin da ke kusa da shi ya leƙo. "Jatau, awarwaro ka fara sawa? Amarya za a kai ka?"

"Bari in idar, in ara maka, ka je zance."

Ya wanke, ya mirgino, ya shiga sahu tun ba a yi kabbara ba. Aka sallame, ya ɗaure kula, ya hau. Sai ga wata kyauta da bai nema ba. Safar ta tsotsi ruwan alwala, iska tana bugunta, hannunsa ya yi sanyi kamar an ɗora masa tulu. Har ya hau gada sanyin bai gama tafiya ba. Ya isa taga biyu da minti ashirin. Tun daga ranar, in ya ga ta bushe a hanya, yakan tsiyaya mata ruwa daga gorarsa.

Da wata ya cika suka koma, Inna ta ce wannan karon ma ƙafarta ƙafarsa. Kafin likita ya taɓa shi ta ce, "Likita, rantsuwar da na yi maka rannan, akwai gyara a cikinta." Ta faɗa masa komai, har da maƙalewar hannunta, ba ta rage ba. Jatau yana zaune kunnuwansa sun ƙara ja.

Likita ya duba hannun dama, ƙananan nan biyu sun bushe, sai tabo. Ya duba na hagu ya daɗe, yana latsa gefensa.

"Wannan babban ba zai tafi da kansa ba, sai mun ɗan yanke shi. Aikin rabin awa ne, ka huta mako ɗaya. Amma ya tsaya, bai ƙara ba." Ya jawo takarda, ya ɗauki biro. Jatau ya bi biron da ido.

"Likita... ta sauke ni ce?"

"Ta hutun mako ɗaya ce. Ka kai wa Sista. Ka ce ta ajiye maka aikinka."

Inna ta ɗaga hannu biyu sama. Ta yi wa likita addu'a, ta yi wa iyayensa, ta yi wa matarsa da 'ya'yansa da waɗanda ba a haifa ba, ta yi wa wanda ya saƙa safar a duk ƙasar da yake, ta yi wa surukarta. Likita yana amin, Jatau yana amin, har na bayansu a layi ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Mama, a rage mana kaɗan mana."

"Kai ma Allah ya ba ka lafiya," in ji ta, ta shafa.

An yi aikin, ya warke, ya bar ɗan tabo kamar ƙwayar wake. Ranar da hutun ya ƙare, tun ƙarfe bakwai yana tsakar gida yana ba taya iska. Sista ta ce da ta gan shi ya shigo ji ta yi kamar an sauke mata kaya, don wanda aka samo ya riƙe masa wurin ya fasa mata kwalba uku a mako ɗaya. Jatau ya jera ƙanƙara, ya shimfiɗa tsumma, ya ɗaure kula ya girgiza ya ji. Allah abin godiya.